Shaho, Idon Aro na Tsofaffin Filin Golf

Kafin masu yankan ciyawa su tayar da injinsu, Shaho ya riga ya iso. Zai jingine kekensa a bayan ɗakin ajiye jakunkuna, ya cika bokiti da ruwa, ya zauna a kan tsohon bencin nan mai gurguwar ƙafa, ya dinga zaro sandunan golf yana wanke musu laka da ɗan burushi. Ba ya gaggawa. Ko sandar wanda bai taɓa ce masa sannu ba ce, sai ta yi ƙal kafin ta koma jaka. In ya gama sai ya fito bakin fili, ya ɗaga kai ya duba inda iska ta dosa. Haka aka san shi shekara talatin da ɗoriya. A ƙarshen watan nan zai ajiye aikin, kuma ba don ya gaji ba ne.

Ga wanda bai san wasan ba, Shaho mai ɗaukar jaka ne. Mai wasa zai bugi 'yar farar ƙwallo wadda ba ta kai ƙwan kaza ba, ta tashi ta yi nisa, shi kuma ya saɓa jakar sanduna ya bi shi har su jefa ta a rami. Ɗaukar jaka kam kowa ma ya iya. Abin da ya sa aka laƙaba masa Shaho, har sunansa na yanka ya ɓace, shi ne ido. Ƙwallo za ta shige cikin hasken rana kowa ya rasa ta, shi kuwa ko gezau, sai ya ce, "Tana gindin bishiya ta biyu, ciyawa ta ɗan rufe ta." A je a tarar da ita a nan, kamar shi ya ajiye ta.

Masu wasan safe a filin nan tsofaffi ne da suka bar aiki. Hannunsu bai manta bugu ba, ƙafa ma da sauranta, ido ne ke fara juya musu baya. Mutum zai bugi ƙwallo da kyau, ya ji daɗin bugun har cikin kafaɗa, sannan ya tsaya yana ƙifta ido ga sararin da ba ya ganin komai a ciki. Wannan tsayuwar tana da ciwo, kuma tsoho ba ya son a gane. Shaho ya gane tun tuni, shi ya sa ba ya jira a tambaye shi. Da ƙwallo ta tashi zai fara ba da labarinta da murya ƙasa-ƙasa: ta hau, ta hau, ta karkata dama, ta sauka, tana gangarawa, ta tsaya. Tsoho ya gyaɗa kai kamar shi ma ya gani, mutuncinsa ya tsira.

Bai tsaya a ara musu ido kawai ba. Akwai wani tsohon akawu da ya yi wata guda yana dukan ƙasa maimakon ƙwallo, ya zagi sanda, ya zagi ciyawa, har ya sayo sababbin sanduna. Shaho ya lura cewa abin ya fara ne tun da ya sauya tabarau, irin mai hawa biyun nan, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu. In ya sunkuya zai buga, ta gilashin karatu yake kallon ƙwallon da ke can wajen ƙafarsa. Ya ja shi gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba likita ba ne. Amma ka koma wurin likitar ido, ka gaya mata kana buga golf. Kada ka ɓoye mata." Akawun ya koma, aka yi masa tabarau na nesa zalla don fili, na karatun ya zauna a mota. Akwai wani tsohon da Shaho ya tura asibiti aka ba shi ɗan gilashin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Wani kuma Shaho ya lallashe shi ya koma buga ƙwallo rawaya, duk da tsiyar da abokai suka yi masa. Mutum nawa ya raka asibiti ya zauna a benci yana riƙe musu hula? Shi kansa bai ƙirga ba.

Kai ne ka kai kowa gaban likita, Shaho, amma ba ka taɓa zama a kujerar gwajin ba. Wannan kam ina jin haushinka a kai, kuma ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, Hedimasta. Tsohon shugaban makaranta ne mai taurin kai, wanda tun da matarsa ta rasu ba shi da wurin zuwa sai filin nan. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, duniya ta zame masa kamar ta bayan labule. An gaya masa aikin cire yanar ba ya ɗaukar lokaci, amma da ya ji an ambaci wuƙa sai ya miƙe. In Shaho ya taso da maganar sai ya ɗaga masa hannu.

"Kai dai ɗauko jaka. Muddin ina da kai, me zan je yi asibiti? Idona biyu suna kanka."

Abin da Hedimasta bai sani ba shi ne, idon da ya dogara da shi ma ya fara tafiya. Ba hazo ne ya sauko wa Shaho ba. Gefe da gefe ne suka dinga cinyewa a hankali, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabansa sak yana gani, amma ƙwallon da ta kauce kaɗan ta tafi ke nan. Matar Shaho ce ta fara lura. Yau ya yi karo da ƙyaure, gobe ya ture kofin da ke gefen hannunsa, jibi jika ya tsaya a kusa da shi bai san da zuwansa ba.

"Baban Auta, idon nan naka lafiya kuwa?" ta tambaye shi.

"Gajiya ce."

"Gajiyar ce ta hana ka ganin ƙofa? Ƙofar da kai ka kafa ta da hannunka?"

Ya ci gaba da ɗaure takalmi. Ya san amsar, tsoronta yake ji. Mai ɗaukar jakar da ba ya ganin ƙwallo ya gama aiki, wannan kowa ya sani a filin, ba sai manaja ya faɗa ba. Kuma in ya tafi, wa zai tsaya a bayan Hedimasta? Sai ya koma aiki da kunne. Ƙarar sanda a jikin ƙwallo tana gaya masa ko bugun ya zauna ko ya goce, ya san hannun kowane tsoho, ya san iska, ya san kowane kwari da tudu. Yakan haɗa waɗannan ya faɗi wuri, kuma sau da yawa ya dace. Ya yi wata da watanni a haka.

Akwai wata ɗabi'a ta masu ɗaukar jaka da ba a faɗa a gaban masu wasa. Wasu sukan huda aljihun wando su ajiye ƙwallo a ciki. In ta maigida ta ɓace a ciyawa, sai su tsaya a wuri mai kyau su sake ta, ta bi ƙafar wando ta faɗo, su ce ga ta nan. Su a tsakaninsu cewa suke kaza ta yi ƙwai. Maigida ya yi murna, ba a ci shi tarar bugu ba, kowa ya koma gida lafiya. Shaho bai taɓa yi ba, har ma yakan ce wa sababbi su ɗinke aljihunsu kafin su gaishe shi. Amma ƙwallon canji kam kullum akwai ta a jikinsa, don aiki ne ya gaji haka.

Ranar da abin ya faru, wata safiya ce mai iska. Hedimasta ya buga a ramin da ke kusa da kududdufi, iska ta kwashe ƙarar, ta kwashe ƙwallon. Shaho ya ɗaga kai bai ga komai ba. Ya dai ce, "Tana hagu," suka taka. Can ya hango wani abu fari a ciyawa, zuciyarsa ta yi sanyi, ya nuna da hannu. Suka isa, tsofaffi biyu suka sunkuya a kansa. Hedimasta ya sa kan sanda ya taɓa, abin ya yi ƙaras. 'Yar farar leda ce iska ta dunƙule.

Hedimasta ya yi dariya. "Yau kuma leda za mu buga? To ina take?"

Abokan wasan suna can nesa, ba mai kallonsu. Hannun Shaho yana cikin aljihu, yatsunsa a kan ƙwallon canji. Ba ya ma bukatar huda. Ko a gaban Hedimasta ya ajiye ta, ba zai gani ba. Taku biyu kawai zai yi ya ce ga ta, gobe ya dawo ya wanke sandunansa kamar kullum. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zaro hannunsa ba komai a ciki.

"Malam, ban gan ta ba."

"To a duba mana."

"Ba yau kaɗai ba. Rabona da ganin ƙwallo a sama tun bara. Da kunne nake bin ta. Na yi ta gaya maka ta hau, ta karkata, alhali ni ma ji nake yi." Ya sauke jakar ƙasa. "Idon da ka ce kana da shi a kaina, babu shi. Ka je a yi maka aikin nan, don Allah."

Hedimasta ya dafa sanda. Sannan ya ce, "Ɗauko jakar. Tare za mu je."

Auta, 'yar Shaho, ita ta kai su. Likitar ido ta fara da Hedimasta, ta ce yana ce, za a cire a sa masa wani ɗan gilashi a ciki, kuma in Allah ya yarda zai ga tutar bakin rami daga nesa. Da ta zo kan Shaho ta daɗe tana haska fitila, ta sa shi ya kalli wata na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ɗigo da yawa sun wuce bai danna ba. Ta ajiye kayan aikinta ta juyo da kujera.

"Baba, naka ba yana ba ce. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar gani ba tare da ciwo ba. Zan ba ka maganin ɗigawa, kada ka yi wasa da shi, mu riƙe abin da ya rage."

"Wanda ya tafi fa, 'yata? Ba tabarau? Ba aiki?"

"Wanda ya tafi ba ya dawowa, Baba. Da ka zo da wuri, da mun tare da yawa."

Auta ta juya baya tana share hawaye. Shaho ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya laluba gefen kujera yana neman hularsa, alhali tana nan kusa da gwiwarsa.

Shi da kansa ya je ya gaya wa manaja. Ba wanda ya kore shi. An ma ce ya zauna a ɗakin jakunkuna yana wanke sanduna, ya yi godiya ya ce a'a, ba zai iya zama yana jin ƙarar bugu daga bayan bango ba.

Makon jiya Hedimasta ya dawo fili da sabon ido, ya roƙi Shaho ya raka shi zagaye na ƙarshe. A rami na farko ya buga, ƙwallo ta tashi, karo na farko cikin shekaru ya bi ta da idonsa har ta sauka. Ya juyo da murna, sai ya ga Shaho a bayansa, jaka a kafaɗa, fuska a sama, yana kallon inda ba nan ba.

"Malam, faɗa mini yadda ta tafi."

Hedimasta ya buɗe baki. "Ta... ta tafi dai. Ta faɗi can."

"Haba Malam, haka ake faɗa? Ta hau? Ta karkata?"

Tsohon ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. Sannan ya matso kusa, ya sassauta murya yadda aka yi masa shekara da shekaru. "Ta hau, Shaho. Ta hau sosai. Ta ɗan karkata dama. Ta sauka, tana gangarawa. Ta tsaya."

Shaho ya gyaɗa kai kamar shi ma ya gani.

Kai ne ka rufa wa tsofaffi asiri a tsakiyar fili, Shaho, ba ka taɓa barin wani ya ji kunyar idonsa ba. Kai ne ka riƙe ƙwallo a hannu, da aikinka da abincin gidanka a jikinta, ka bar ta a aljihu. Da ka sake ta a ranar, da har yau Hedimasta na bayan labule. Mun gode, kuma mun san godiyar ba za ta mayar maka da ko ɗigon haske ɗaya ba. Allah ya riƙe maka abin da ya rage, ya saka maka da alheri.

Masu tasowa a aikin nan, ku ɗinke aljihunku kamar yadda ya koya muku. Mu kuma da furfura ta fara yi wa sallama, mu yi koyi da shi wajen kai ɗan'uwa gaban likita, amma in mun kai shi, mu ma mu zauna a kujerar. Shaho da kansa ya ce a faɗa muku haka. Ya ce shi bai ji ciwon komai ba.