Wutsiyar Lobsta a Tukunyar Luba

Duk wanda ya taɓa zuwa suna ko walima a wajen Hausawan Abbey Wood ya ci girkin Luba, ko da bai san fuskarta ba. 'Yar Zariya ce. Ta biyo mijinta Rufa'i London da ya zo karatu, aka gama karatun, zama ya miƙe. Ranakun aiki tana kicin ɗin wata makarantar firamare, tana zuba wa 'ya'yan mutane dankali da wake ba gishiri ba yaji, tana jin tausayinsu. Asabar da Lahadi kuwa na waina ne da miyar taushe da farfesu. Doka ɗaya ta taso da ita daga gidansu: nama ko na mene ne, a wanke shi, a tafasa shi da albasa da citta har ya yi laushi, sannan a soya. Ka ce mata akwai wata hanya, kallonka kawai za ta yi daga sama har ƙasa.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Muhsin, haihuwar London, mai jin Hausa tsaf amma ya amsa maka da Turanci. Abin da ke ci mata rai game da shi, yaron bai taɓa buɗe baki ya roƙe ta wani girki ba. Abin da aka ajiye masa ya ci, ya wanke kwanonsa, ya shige ɗaki. Mutanen gari suna yi mata waya suna lallashi ta yi musu waina, ɗan cikinta ko oho.

Sai ga shi ya samu aiki a Aberdeen, can ƙuryar Scotland, zai bi jirgin ƙasan yammacin Lahadi. Luba ta tare shi, ta ce yau dai sai ya faɗi abin da yake so a dafa masa na ban-kwana. Ya ce lobsta, wutsiyar kawai. Shi da kansa ya je wani shagon kifi ya sayo, ya kawo mata ran Lahadi da safe.

Ta buɗe ledar ta ja da baya. Wasu abubuwa ne masu sulke kamar jatan landen da ya ƙi daina girma.

"Muhsin, wannan ci ake yi ko tsoro ake ba yara da shi?"

"It's quick, Mum. 'Yan mintuna kawai, da butter," ya ce, yana nannaɗe hannun riga zai taya ta.

'Yan mintuna! Ita za a koya wa girki, a kicin ɗinta, da Hausar da ba ta tsaya da ƙafarta ba? Karo na farko ke nan da ya nemi abu a hannunta, ba za ta ba shi ɗanye ya je ya yi ciwon ciki a jirgi ba. Ta kore shi falo wajen babansa, ta rufe ƙofa.

Ta wanke su da lemon tsami, ta watsa a tukunya da albasa da citta da tafarnuwa da magi. Nan da nan ɓawon ya yi jawur. Luba ta yi tsaki, ta ce launi ba nuna ba ne, ta ƙara ruwa ta rufe.

Ƙamshin ne ya jawo Fusena, maƙwabciyarta 'yar zangon Accra, wadda ta tashi a bakin teku. Ta leƙa tukunya ta dafe ƙirji.

"Kai, Yaya Luba! Ka sauke shi! Wannan abu bai son wuta. Ka kashe shi already."

"A mace aka kawo shi, Fusena. Ku mutanen teku ai komai ɗanye kuke ci."

Fusena ta ce ita dai ta faɗa, ta ɗauki waina biyu a kan tebur ta yi gaba.

Da Luba ta ɓare ɗaya ta soka cokali mai yatsu, sai cokalin ya dawo mata. Ta ce ashe tsoho aka sayar wa yaron, an ga ɗan Turai bai san kasuwa ba. Tsohon zakara ma ta sha ladabtar da shi, balle ƙwaron ruwa. Ta ƙara wuta. Ta sake dubawa, ya ƙara tauri, ya kuma tsuke. Ta jefa 'yar kanwa, abin da ke sa wake ya miƙa wuya. Ko gezau. Ta juye a tukunyar nan mai huci da ke narkar da ƙafar saniya, ta tsaya a kanta riƙe da ƙugu tana yi mata faɗa.

Muhsin ya ƙwanƙwasa, ya ce ta zo ta zauna. Ta ce yana ganin tana da lokacin zama? Bayan azahar ya sake leƙowa da waya a hannu, wai zai nuna mata hoton flat ɗin da ya kama. Ta ce ya ajiye hotonsa, ya fitar mata daga kicin.

Abin da ya fito daga tukunyar ƙarshe bai fi babban yatsa ba kowanne, ga tauri kamar robar silifa. Ta ji hawaye na neman zubowa, ta haɗiye su. Luba ba ta taɓa zubar da nama ba, kuma ba za ta fara yau ba. Ta jawo ɗan turminta daga ƙarƙashin sinki, ta kirɓa su da duk fushin da ke cikinta, ta soya da mai da attaruhu da albasa. Dambu dai ya fito, ja-ja, mai ƙamshi, cikin saucer ɗaya.

Da ta fito da shi, akwatunan Muhsin suna bakin ƙofa, Rufa'i ya riga ya sa takalmi yana jujjuya makullin mota. Muhsin ya ɗebi dambun a tsaye, ya tauna, ya ce ya yi daɗi, kuma da gaske yake. Amma ba saucer ɗin yake kallo ba, ita yake kallo, da zufarta da ɗankwalin da ya karkace.

"To me ya kai ka zaɓen wannan masifar?" ta ce. "Duk abincin duniya ba ka gani ba?"

Da Turanci ya ba ta amsa, a hankali. Ya ce ai shi bai damu da lobsta ba, sau ɗaya ma ya taɓa ci. Ya duba ne ya nemo abin da ya fi komai saurin dahuwa. Ya san in ya ce waina ko farfesu, a kicin za ta wuni, shi kuma yau so yake ta zauna da shi.

Luba ta rasa da wa za ta yi faɗan.

"Me ya hana ka faɗa tun safe?"

"Na zo, Mama. Kin kore ni."

Rufa'i ya duba agogo, ya ce in ba a tashi yanzu ba jirgi zai tafi. Luba ta watsa wa Rufa'i harara har ya cire takalminsa, ta ja hannun ɗanta ta zaunar da shi a kujera, ta zauna kusa da shi da warin albasa a jikinta.

"Jirgin ya jira," ta ce. "Nuna min hoton gidan."