Kaset ɗin Kawu Ranar da Aka Tare Hanyar Ribah

Jiya a kasuwar Zuru na ji wata tsohuwar waƙar Igbo tana tashi daga shagon mai gyaran waya. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Yayan mahaifiyata ne, tsohon soja. Akwatin kaset ɗinsa babu abin da babu: waƙoƙin coci, kalangu, na Indiya, na Igbo, na noma da C'lela, yaren Dakarkari. Ba ya barin waƙa ta wuce bai tanka mata ba. "Wannan bai taɓa riƙe fartanya ba," in ji shi. "Wannan kuwa ban san yarenta ba, amma an ci amanarta."

Ranar da aka ce 'yan bindiga sun tare hanyar Ribah, Mama tana can cin kasuwa, wayarta ba ta shiga. Muna zaune gindin mangwaro, Kawu sai sauya kaset yake yana sharhinsa.

"Kawu, don Allah kashe abin nan!" na ce da ƙarfi.

"In na kashe, 'yata, me za mu saurara?"

Sai a lokacin na lura da abin da yake yi. Duk babur ɗin da ya doso, sai ya rage sauti ya kasa kunne, in ya wuce ya ƙara.

Bayan la'asar Mama ta shigo, ƙafafunta duk ƙaya, ashe ta daji suka biyo. Kawu ya miƙe, sai hawaye.

Allah ya ba ka hutawa, Kawu, inda ba a jiran kowa cikin fargaba.