Wanzamin Gidanmu a Bakin Duniya

Har yau idan na ji kiɗan da ake buɗe shirin nan da shi, ko da a wayar wani ne a cikin mota, sai raina ya ɓaci. Shiri ne na murya da ake saukewa a waya, samari na ce masa fodkas. Wani matashi ne da ban taɓa gani ba, ba na kuma fatan ganinsa, yake zaune a can wani babban birni yana tono tsofaffin shari'o'in kisan kai, yana ba da labarinsu kashi-kashi da wata murya mai sanyi kamar ta mai ta'aziyya. A shekarar da matata ke ɗauke da cikin ɗanmu na fari, ya tono namu na Kontagora.

Maganar tsohuwa ce, ina makarantar sakandare aka yi ta. Wani manomi daga wajen Tungan Magajiya ya je kasuwar Mashegu neman irin doya, bai koma gida ba. Aka tsinci gawarsa a gefen hanyar daji an yanke masa wuya. Wanda aka gani tare da shi a ƙarshe wani wanzami ne da ya yi masa ƙaho a kasuwar, suka kuma hau kabu-kabu ɗaya. Aka samu jini a rigar wanzamin. Ya daɗe a tsare, daga baya kotu ta sallame shi, don babu wanda ya ga komai da idonsa, mai kabu-kabun kuma yau ya ce wanzami ya fara sauka, gobe ya ce ya manta.

Mai shirin bai faɗi suna ba, wai shi mai kiyaye mutunci. Cewa ya yi “wani wanzami mai ɗingishi a Kontagora.” To, wanzami nawa ne mai ɗingishi a garin nan? Da ya kira sunansa da na ubansa ma da ya fi gaskiya.

Wanzamin gidanmu ne. Ubansa ne ya riƙa yi wa kakanmu aski, shi kuma ya yi mana kaciya ni da Yaya, babban wanmu. Babu jaririn da aka haifa a gidanmu da ba askarsa ce ta fara taɓa kansa ba. Da aka sallamo shi daga kurkuku mutane na ta kauce masa, sai mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ranar Juma'a, ya aika aka kira shi, ya tuɓe hula ya miƙa masa kai. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Da unguwa ta ga haka, sannu a hankali kowa ya koma wurinsa, magana ta kwanta shekara da shekaru.

Bayan rasuwar Baba, gida ya koma hannun Yaya. Yana da shagon taki da maganin feshi a bakin titi, a nan muke majalisa bayan La'asar. Shi ya fara kawo mana shirin. Ya sayi wata 'yar sifika don shi kawai, ya ɗora a kan buhun taki, duk wanda ya yi tari sai ya harare shi. Yaya mutum ne da ko tarar kotu bai taɓa ganin yadda ake yankewa ba, amma kashi na biyu bai ƙare ba ya zama alƙali, ya zama likitan gawa.

“Kun ji dai,” in ji shi, “yanka ɗaya ne, babu gargada. Yankan gwani. Wa ya iya riƙe ƙarfe haka in ba wanzami ba?”

Na ce, “Mahauta fa, Yaya? Da duk wanda ya taɓa yanka ragon layya? A kasuwar Mashegu in aka ce kowa ya ajiye wuƙarsa a ƙasa, sai an kawo amalanke.”

“Jinin rigarsa fa?”

“Mutumin da ya wuni yana ƙaho, madara za a gani a rigarsa?”

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Na ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ya ce biri ya yi kama da mutum. Na ce kama ai ba ita ce shaida ba, ba a rataye mutum da kama. Daga ranar ya laƙaba mini “lauyan gida,” majalisa ta karɓe. Ni dama ba a taɓa ni in yi shiru, tun muna yara, shi ma ya sani, shi ya sa yake taɓawa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kashin da aka sako muryar matar mamacin. Dattijuwa ce, Hausarta da harshen Dukanci a ciki, tana magana tana tsayawa. Ta ce har yau in an kaɗa ƙararrawar coci takan waiga ko zai shigo. Ta ce, “Ni ban ce shi ne ba. Amma in ba shi ba, wane ne? A faɗa mini mana.” Kowa a majalisa ya tausaya mata. Ni ma ta ba ni tausayi ƙwarai, amma na ji haushin yadda mai shirin ya sa wani kiɗa mai taushi a ƙarƙashin kukanta, kamar gishiri a miya. Yaya ya juyo ya kalle ni.

“To lauya, amsa mata.”

“Ban sani ba,” na ce. “Kai ma ba ka sani ba. Rashin sanin wanda ya yi bai sa ya zama wanda ke kusa ba. Kotu ta duba ta ce akwai kokwanto, in akwai kokwanto kuma ba a kama mutum da laifin jini.”

“Kotu!” Ya tofar da yawu. “Kotu ta ce ba ta gani ba ne, ba ta ce bai yi ba.”

Wannan maganar ta fi duk sauran ƙona mini rai, don na rasa ta inda zan karya ta. Sai na ɗaga murya, abin da mutum kan yi ke nan in hujja ta ƙare masa.

Kafin shirin ya kai ƙarshe, gidaje sun fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce da wanzamin komai, mutanen garinmu ba sa yin haka. Bikin suna dai za a yi, sai ya ji a bakin mutane an riga an yi. Dattawan da suke zuwa gindin mangwaron da yake zama suka gano cewa ashe askin inji ya fi sauri. In na wuce sai in gan shi zaune, zabirarsa a gefe, yana wasa askar da babu wanda za a yi wa aiki da ita. Gidanmu ne kaɗai bai riga ya nuna inda ya tsaya ba, kowa kuma ya san gidanmu ne ya tsayar da shi da ƙafarsa a karon farko. In muka sake shi, ya gama wanzanci a garin nan.

Ana haka matata ta haihu, namiji. Ana shirin suna Yaya ya kira ni zaure ya ce ya yi magana da wani mai shagon aski, za a kai yaron can.

Na ce, “Wanzamin gidan nan ya mutu ne?”

“Ba zai shigo mini gida da aska ba.”

“Gidan ubanmu ne. Uban da ya miƙa masa kai a gaban unguwa. Ka fi Baba hankali ne, ko ka fi shi son ransa?”

“Baba kansa ya bayar, ba kan jariri ba. Kuma Baba bai ji abin da muka ji ba.”

“Me muka ji? Wani mara aikin yi da kiɗa a waya! Ɗana ne, wallahi wanzamin da ya aske ni shi zai aske shi. In ka isa ka tare ƙofa.”

Muka yi ta sa'insa har maƙwabta suka leƙo. Na faɗa masa maganganun da ƙane ba ya faɗa wa wa, ban kuma janye ko ɗaya ba har yau. Da na shiga ɗaki matata tana shayar da yaron, ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, bakinku ne ke gardama, amma kan ɗana za a aske.” Na ce ta kwantar da hankalinta, babu abin da aka tabbatar a kan mutumin nan. Ta ce, “Na ji. Ba a tabbatar ba.” Ta juya wa bango fuska.

Na je gindin mangwaro da kaina, na gayyaci wanzamin da ƙarfi yadda masu shagunan kusa za su ji. Ya ce Allah ya raya, Allah ya kai mu.

Ranar suna, bayan an raɗa suna an yi addu'a an raba goro, ya shigo yana jan ƙafarsa, da wankakkiyar riga. A da in wanzami ya shiga tsakar gidanmu, mata kan tare shi da tsiya, a ce ya zo cin naman banza, shi kuma ya rama. Ranar ko guɗa babu. Mata sun tsaya cirko-cirko a bakin ƙofofi. Yaya bai tare ƙofa ba, abin da ya yi ya fi haka muni: ya zo ya tsaya a bayan wanzamin, dab da kafaɗarsa, ya harɗe hannuwa.

Gwaggonmu ta zauna a tabarma da jaririn a cinya. Ni na riƙe ƙwaryar ruwa. Wanzamin ya buɗe zabira, ya jiƙa kan yaron, ya shafa sabulu da babban yatsa a hankali. Ya zaro aska ya goga ta a fata. Ni dai na san idona na kan hannunsa. Idon uban jariri ai dole ya kasance a wurin, ko wane ne ke riƙe da askar. Ya kai ta kusa da goshin yaron, sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ba Yaya ba.

“Ɗana,” ya ce, “ana kawo mini duk abin da kake faɗa a majalisa. Na gode. An ce kullum kana cewa ba a tabbatar ba.”

“Haka ne, Baba. Kuma ko gaban wa zan maimaita.”

“To ni yanzu nake tambayarka, ga ɗanka ga aska. Na yi, ko ban yi ba?”

Raina ya ɓaci nan take. Na yi faɗa da ɗan'uwana saboda shi, na ɓata da matata, na zama abin dariyar majalisa, sannan ya titsiye ni a gaban mata? Na ce, “Haba Baba! Ina wurin ne? Allah kaɗai ya san gaibu. Abin da na sani shi ne babu mai hujjar da zai ce ka yi.”

Ya gyaɗa kai. Ya goge askar da ba ta taɓa komai ba a jikin tsumma, ya naɗe ta.

“Mahaifinku ma ba ya wurin,” in ji shi. “Ranar da ya kira ni, ina tsakiyar yi masa aski barci ya ɗauke shi. Sai da na tallafe masa kai na ƙarasa.”

Ya ɗebi ruwa daga ƙwaryar da ke hannuna ya wanke wa yaron sabulun tas, ya tofa masa addu'a, ya rataya zabirarsa. Gwaggo ta ce ya tsaya a ba shi kasonsa na naman rago. Ya ce ba a cin ladan aikin da ba a yi ba. Yaya ya matsa ya ba shi hanya, har da cewa a sauka lafiya, don mugunta.

Da hantsi aka kai ɗana shagon aski, aka aske shi da inji yana ta tsala ihu. Yaya ne ya riƙe shi. Da yamma a majalisa ya ce, “Kun gani? Mai gaskiya ai ba ya gudu.” Na tashi na shure sifikarsa ta faɗa kwata, tun daga ranar ban sake zama a wurin ba. Muna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan. Shi kuwa mai shirin ya rufe labarin da cewa ya bar wa masu sauraro su yanke hukunci, mako na gaba ya koma kan wata gawar a wani garin.

Na daɗe ina jin haushin wanzamin shi ma, ba zan ɓoye ba. Me yake so in ce? In rantse a kan abin da ban gani ba? Gaskiya na faɗa masa, ita ce kuma kaɗai gaskiyar da ke hannuna, har gobe ban da wata. Duk garin nan babu wanda ya tsaya masa kamar ni, amma ni ya zaɓa ya kunyata.

Ya daina zama a gindin mangwaro, ya koma bin kasuwannin ƙauye. Bayan an kwana biyu wata hidima ta kai ni Kumbashi ranar kasuwa, sai na hango shi a wata rumfa, ya ƙara tsufa. Na je na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi yaro da mai jego. Babu kowa a tabarmarsa. Na cire hula na zauna a gabansa, na ce a rage mini suma.

Ya dubi kaina, ya dubi zabirarsa.

“Askar ta dakushe, ɗana,” ya ce. “Sai wani jiƙon.”

Na mayar da hulata na tashi. Ban yi nisa ba na waiga, na ga wani Bafulatani ya jingine sandarsa ya zauna a inda na tashi. Wanzamin ya jiƙa masa kai, ya zaro askar ya fara aiki, mutumin ya lumshe ido.