Sunan da Almu Bai Rubuta Ba

Almu ɗan Misau ne, kuma tun yana makarantar koyon sana'a a Kaduna aka san shi da tsaftar aiki. In ya haɗa wayar tarho, mai neman aibu sai dai ya ƙare kallo ya wuce. Shi ya sa da kuɗin man fetur suka yi ambaliya, aka ce kowane gari sai ya ga tarho, sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura Landan. A 1974 ya sauka da matarsa Sakinatu da yara biyu ƙanana, zai yi shekara uku a wani kamfani mai ƙera injinan tarho. Suka sami ɗaki biyu a saman wani gida a unguwar Barking, inda jirgin ƙasa ke girgiza taga kowane minti goma.

Yara biyu suka zo da su, amma uku Allah ya ba su. Ta farin, Hansai, tana Misau wajen Dada, mahaifiyar Almu, tun ranar da aka yaye ta. Haka ake yi a gidansu. 'Yar fari ta kaka ce. Uwa da uba ba sa kiran sunanta, ba sa yi mata wasa, in baƙo ya tambaya sai a sunkuyar da kai a ce yarinyar Dada ce. Kada wani ya ce rashin so ne. Almu yana son yarinyar nan har cikin ɓargonsa, kunya ce kawai ta ɗaure masa baki shekara goma.

A makonsa na farko aka kira shi ofishin wata akawu mai suna Jane, mace mai fara'a da saurin hannu. Ta ajiye masa fom biyu. Ɗaya na haraji ne, inda ake yi wa ma'aikaci rangwame a kan kowane ɗa. Ɗayan na inshorar lafiya ne da kamfanin ya ɗaukar wa baƙin ma'aikatansa: duk wanda aka rubuta cikin iyali, ko yana ina, in ciwo ya yi tsanani za a kawo shi Landan a yi masa magani a asibitin kuɗi.

"Yaranka nawa?" in ji Jane.

"Biyu," in ji Almu.

"Babu wani a gida? Na gida ma ana lissafawa."

Baƙuwar mace, a ƙasar mutane, tana so ya buɗe baki ya ambaci 'yar fari, har ya jero mata sunan harafi bayan harafi. Ya dubi ƙasa ya ce ta rubuta biyu. Ta rubuta, ya sa hannu, ya fito yana jin ya kiyaye mutuncin gidansu.

Shekara biyu yana aikinsa. Kowane wata a yanki haraji, a yanki na inshora, bai taɓa cewa uffan ba. Abokan aikinsa suna tsokanarsa wai ko albashin duka aka yanke godiya zai yi.

A damunar 1976 wasiƙa ta zo daga yayansa Uwaisu. Hansai ba ta iya zuwa rijiya ba tare da ta zauna ta huta ba, ƙafafunta sun kumbura. An kai ta Kaduna, likita ya ce zuciya ce, sai an yi tiyata, kuma ba a yin irinta a nan. Almu ya karanta a tsaye bakin ƙofa. Tsoro ya kama shi, amma da ya tuna da inshora sai ya ji sanyi a ransa.

Washegari ya sami Jane ya ce yana da wata yarinya a gida, ba ta da lafiya.

"Yarinyar wa?" ta tambaya.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tawa."

Jane ta zaro fom ɗinsa ta duba, fara'arta ta gushe. Ta yi iya ƙoƙarinta, a faɗi gaskiya, ta rubuta wasiƙa har biyu. Amma kamfanin inshora ƙadangare ne, tsagar bango yake jira. Amsa ta zo cewa sunan ba ya cikin fom, kuma takardar harajinsa, wadda shi da kansa ya sa wa hannu, ita ma biyu ta ce. Suka nemi takardar haihuwa, alhali a ɗakin Dada aka haifi yarinyar. Suka nemi ta makaranta, can kuwa Hansai Uwaisu aka rubuta, don Uwaisu ne ya kai ta aji ɗaya. Duk takardar da aka taɓa sai ta ƙaryata shi. Ya tambaya ko asibitin gwamnati zai karɓe ta, aka ce masa wanda aka ɗauko daga wata ƙasa don magani biya zai yi, kuma kuɗin da aka faɗa masa sun fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage shi ne rantsuwa gaban lauya cewa yarinyar tasa ce. Lauyan, wani dattijo mai tari, ya ce ya ɗaga hannu ya faɗi cikakken sunan yarinyar da bakinsa. Almu ya ji harshensa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ya faɗa. Ba abin da ya faru, rufin bai rufto ba, lauya ya buga hatimi ya kira na gaba. Wannan ne ya fi yi masa ciwo, da ya ga ashe abin bai wuce numfashi ɗaya ba.

Ya kai wa kamfanin inshora takardar rantsuwar. Da ya koma gida Sakinatu na tsaye tana jiransa.

"Malam, sun yi accept?"

"Sun ce za su yi review, su sake duba takardun. Mako shida."

"Yarinyar Dada tana da mako shida?"



Ran Lahadi da hantsi ya ɗauko rikodar da suke aika gaisuwa gida da ita, ya sa sabon kaset. Sakinatu ta gane abin da zai yi, ta kwashi yara ta fita. Ya gai da Dada, ya gai da Uwaisu. Daga nan ya ce, "Hansai, ni ne babanki. Hansai, ina neman hanyar da za ki zo." Ya ba wani ɗalibi mai tafiya gida ya kai.

Hansai ta rasu cikin mako na biyar, takardar rantsuwar tana kan teburin wani ana dubawa. Almu ya ƙarasa shekararsa, ya koma Kaduna ya ci gaba da haɗa wa mutane waya su yi magana da nasu. Sai da ya je Misau gaisuwa Uwaisu ya ba shi labarin kaset. Ya ce kaset ɗin ya iso kwana huɗu kafin rasuwar, kuma yarinyar ta yi ta sa a maido baya a wuri ɗaya har batir ya mutu. Sannan ta juyo ta dubi kakarta ta ce, "Dada, ashe ya san sunana?"