Ƙasar da Kawu Ya Ɗiba a Gindin Ƙal'a

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo aikin hajji daga Maraɗi a ƙarshen shekarun saba'in. Zazzaɓi ya kwantar da shi a gidanmu na unguwar Ƙuba a Madina har jirgin mutanensu ya tashi ya bar shi. Da Allah ya ba shi lafiya, izinin zamansa ya riga ya ƙare. Mu haifaffun nan muna da takardunmu. Shi kuwa in aka tare shi a hanya, sai a tsare shi kafin a sa shi a jirgi, kuma tsarewar ce mahaifiyata ke tsoro, don jikinsa bai gama komawa ba. Haka ya zauna, daga tabarma sai masallacin lungu, yana juya takardun ajami da mahaifina ya bari, waɗanda da su aka koya mini karatu.

Wata Juma'a bayan la'asar ya ce in kai shi ƙal'a. Tsohon ginin sojan Turkawa ne na baƙin dutse, a kan tudu tsakanin Ƙuba da cikin gari. A gindinsa mahaifina da abokan tafiyarsa suka fara sauka lokacin da suka iso, kuma labarin ya kai har Maraɗi. Na yi ta kawo uzuri, bai karɓa ba. Na sa masa farar rigata da gutura, mayafin kai irin na 'yan gari, amma zanen da ke kumatunsa babu mayafin da zai rufe shi.

"Kawu, in wani ya yi magana, ni zan amsa."

"To, na zama kurma," in ji shi.

Mun tarar wurin bai cika ba. Mai gadi na shan shayi a inuwa, wasu iyali sun shimfiɗa darduma can gefe. Muka zaga ginin a hankali. Kawu ya shafa duwatsun, ya leƙa ta 'yan ramukan da ake zura bakin bindiga, ya ce waɗanda suka gina wannan ba su yarda da kowa ba. Sai na ga ya tuɓe takalmi.

"Kawu, sa takalminka. Nan ba wurin ziyara ba ne, barikin soja ne."

"Sojan ba a Madina suka taka ba?"

Kafin in ce wani abu ya durƙusa, ya warware hankici, ya fara tara ƙasa da gefen hannunsa. A gida tsaraba ce mai daraja, har jiƙa ta ake yi wa marar lafiya. A nan kuwa malamai sun hana, kuma duk wanda aka gani yana yi, an san baƙo ne.

Akwai wani mutum da na lura da shi tun shigowarmu. Yana jingine da wata farar motar ɗaukar kaya, alƙalami a aljihu, takalminsa ba ƙura. Bai ɗaga kai ya kalli ginin ba ko sau ɗaya. Shi ne ya taho. Ya yi sallama, Kawu ya amsa ta cikakkiya, kurunta ta ƙare. Ban ga laifinsa ba, sallama ba a ƙin amsa ta.

Mutumin ya rage murya, ya koma Hausa irin ta mutanenmu Hausawan Sudan.

"Baba Alhaji, zubar da wannan kafin mai gadi ya gani."

Kawu ya dube shi, ya dubi hankicin, ya kakkaɓe shi.

"Zanen nan na Gobir ne ko na Katsina?" in ji mutumin.

Kawu ya yi dariya, don ya daɗe bai ji baƙon bakin da ya yi masa Hausa ba. "Kai ɗan ina ne da ka san zane?"

"Kakana yana da irinsa. Yaushe aka zo?"

Na shiga tsakani da Larabci, na ce kawuna ne, tare muke. Ya mayar mini da Hausa, yana murmushi: "Na gani ai, ɗan'uwa. Baba nake tambaya."

"Bana na sauke farali," in ji Kawu.

Alhazai sun daɗe da watsewa, saboda haka ya faɗi komai ke nan. Mutumin ya gyaɗa kai kawai, ya ce Allah ya karɓa. Ya ce mu zo ya rage mana hanya, ina ne gidan? Na ce kusa ne. Ya ce Ƙuba ko unguwar Sultana? Na ce kusa. Na tambaye shi aikin da yake yi, ya ce ɗan zirga-zirga ne.

Ban kai Kawu gida kai tsaye ba. Muka hau bas zuwa cikin gari, muka yi magariba a can, ina ta waiwaye. A hanya na yi ta auna lamarin. Wanda ke son a kama mutum ba zai ce masa ya kiyayi mai gadi ba. Amma wanda ke son ya gano gidan da aka ɓoye shi ba zai gamsu da tsoho ɗaya a gindin ƙal'a ba, domin mai ɓoye baƙo shi ma yana da abin amsawa. Kawu ya ce mutumin kirki ne, na ga yadda ya sunkuya ya gaishe shi? Na ce na gani.

Cikin makon nan na ga farar mota a bakin lungunmu. Madina kuwa cike take da fararen motoci, amma na gaya wa mahaifiyata. Ta ce a mayar da Kawu gidan yayata a unguwar Khalidiyya kafin gari ya waye da wani abu. Kawu yana jinmu daga tabarmarsa.

"Yaya, ba za ni ba," in ji shi. "Mutum ya gaishe ni da harshen uwata, yaronki ya hana ni amsawa. Yanzu kuma mota ce. Ban zo garin Manzo don in riƙa laɓewa ba." Ya juyo gare ni. "Ka kai ni wurin masu fasfo da ƙafata. In sun tsare ni, sun tsare ni."

Mahaifiyata ta yi kuka, ta yi lallashi, bai sauya ba. Na kai shi, tare da takardar likitan da ya duba shi. Suka yi masa tambayoyi, suka yi mini faɗa, suka bar shi a hannuna har ranar da aka samu jirgi. Bai kwana a tsare ba, alhamdu lillahi.

Mutumin ban sake ganinsa ba. Na tambayi mutanenmu na Sudan da ke zuwa shagonmu a Sultana, na kwatanta musu shi har da motarsa, babu wanda ya ce ya san shi. Mu kuwa a garin nan ba mu da yawan da mutum zai ɓace a cikinmu haka.