Shafi Tara da Suka Rage

Shekara goma sha biyu na yi ina koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata a Wad Madani. Duk shekara sai in zana taswira a allo, in nuna musu Fas da Alƙahira da Tambutu, in ce a masallatan garuruwan nan karatu mai zurfi ya kafu: malami ya jingina da ginshiƙi, ɗalibai su kewaye shi, wanda ya sauke littafi a gabansa ya ba shi izinin koyar da shi. Ina faɗa ina hura hanci, sai ka ce ni na gano abin.

Alhali irin wannan izini yana cikin gafakar mahaifina a garinmu, Mai Wurno. Doguwar takarda ce, wane ya karanta wurin wane, daga Baba zuwa kakansa da ya taho da ita daga Sakkwato, har sunayen su dangana da wani malamin Tambutu. Ƙa'idarta ɗaya ce. Ba a sa sunanka sai ka karanta littafin fiƙihun da take magana a kai daga farko har ƙarshe, malam yana ji yana gyara. Yayyena maza duk sun watse ci-rani. Ni ce na fara, na yi nisa, sai jami'a ta ɗauke ni.

Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Duk hutu sai ya ce, "Uwata, taho mu ida. Kaɗan yar rage."

"Sai wani hutun, Baba. Ai ina da takardar shahadar jami'a."

"Kwayyis, madalla. Wanda yab ba ki ita, wa yab ba shi?"

Dariya nake yi in wuce ɗaki.

Da yaƙi ya kore mu daga Madani, na koma gida na tarar ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya daina magana. Ranar na ɗauko littafin. Kullum da hantsi sai in zauna gefen tabarmarsa in karanta, ban ma san ko yana fahimta ba. Rana ta uku na tsallake layi da gangan. Hannunsa na hagu ya bugi tabarma. Na koma na karanta layin ina kuka.

Daga nan na shiga tsere da ajali. Ni shafi goma nake so a yini, shi kuwa biyu yake iya ji barci ya sace shi. Sau ɗaya na ci gaba yana barci, washegari kunya ta sa na maimaita. Na girgiza shi, na shafa masa ruwa a fuska, har Inna ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah, bar bawan Allah shi huta." Tsoron ne ya hana ni bari.

Saura shafi tara ya rasu.

Na nemi waɗanda ya taɓa ba izini, ko ɗayansu zai saurare ni. Biyu ne. Ɗaya ya riga shi rasuwa, ɗayan tun da aka yi gudun hijira babu mai labarinsa. Yayana ya ce mini a waya, "Rubuta sunanki, halas, shi ke nan. Wa zai sani?"

Na sha ɗaukar alƙalami in ajiye. Ƙarƙashin sunan Baba har yanzu fili ne. Kwanan baya na zauna na karanta shafi taran ni kaɗai, don in ga tsawonsu. Na fara bayan la'asar, na gama shayina bai huce ba.