Pak Sebli, Mai Hanyar Teluk Gelam

Da an idar da sallar asuba a ƙauyenmu, kafin masunta su gama kurɓar kofi, Pak Sebli ya riga ya rataya addarsa, ya yafa tsohon tawul a wuya, ya tura baro ya nufi ƙofar gandun daji. A cikin baron akwai shebur da guduma da gwangwanin ƙusoshi, da shinkafar kwakwa da matarsa Mak Cik Rapiah ta naɗe masa a ganyen ayaba. Haka muka taso muka gan shi, haka 'ya'yanmu suka taso suka gan shi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa na ga bai dace mu bar shi ya tafi shiru ba.

Aikinsa kula da hanyar ƙafa ce, wadda ta tashi daga ƙofar gandun, ta zagaye gindin tsauni, ta sauka a gaɓar Teluk Gelam. Kafin baƙi su fara isowa ya bi ta har ƙarshe. Ya taka katakon kowace gada ya ji ko ya ruɓe, ya kankare gansakuka a inda santsi zai iya kayar da yaro, ya cike ramukan da aladun daji suka tona. Birai sun san shi sarai. In ya hango babbar cikinsu a kan reshe sai ya ɗaga mata adda ya ce, "Ke uwar ɓarayi, yau akwai masu goyo, ki ja wa 'ya'yanki kunne."

Baƙon da ya zo daga birni da iyalinsa, ya tura keken jariri har bakin ruwa, zai ɗauka haka hanyar take tun fil azal. Mu da muka san yadda aka yi ta, mun san ba haka ba ne.

Teluk Gelam garinmu ne na asali. Da aka mayar da yankin gandun daji sai aka taso mu zuwa wannan gefen tsaunin. Mun kwashe katakon gidajenmu, mun kwashe na masallaci, amma maƙabarta ba ta kwasuwa. Can muka bar iyaye da kakanni. Mai son ziyara sai dai ya hau jirgi ya zagaya ta teku, ko ya bi tsohuwar hanyar mafarauta da ta haye ƙoƙuwar tsauni, inda ake kama igiya da saiwoyi ana jan jiki.

A cikin wannan ɗacin ne Sebli, yana matashi, ya karɓi aiki a gandun. Mutane ba su yafe masa ba. Abokinsa na ƙuruciya, Bojeng mai jirgi, in ya hango shi cikin kakin aiki sai ya ɗaga murya yadda duk mashigar jirage za ta ji: "Ga ɗan gwamnati nan! Sebli, hula aka ba ka ka yi gadin birai a kufan gidan ubanka?"

Wannan duk mai sauƙi ne a kan fushin Mak Long Jeliha, yayar mahaifiyarsa, wadda ta riƙe shi bayan uwarsa ta rasu. Mijinta yana kwance a maƙabartar Teluk Gelam, ƙanwarta, mahaifiyar Sebli, ita ma haka. In Sebli ya je gaishe ta sai ta juya masa baya. In Rapiah ta aika mata da abinci, kwanon ya dawo yadda ya tafi.

Sai wata shekara Sallah ta faɗo a tsakiyar damina, lokacin da teku ke hauka. Babu mai jirgin da ya yarda ya fita. Tsofaffi suka yi cirko-cirko a mashiga cikin kayan Sallah, da butoci da furannin da za su zuba a kan kaburbura, suna kallon igiyar ruwa, har suka haƙura suka watse. Mak Long ba ta haƙura ba. Ta ɗauki sandarta ta shiga hanyar mafarauta ita kaɗai.

Da hantsi Sebli ya same ta a gindin igiyar farko, zaune a cikin laka, furanninta sun watse, gwiwarta na jini. Ya durƙusa ya juya mata baya ya ce, "Mak Long, hau in kai ki."

Ta ce, "Ni za ka kai wa mijina a goye kamar buhun shinkafa? Da ƙafata na bar garin nan. Da ƙafata zan koma, ko kuwa in zauna."

Ya rako ta gida yana biye da ita daga nesa, don ko hannu ba ta yarda ya kama mata ba. Rapiah ta ce ranar ko lomar abincin Sallah bai kai baki ba.

Bayan hutu ya je wurin shugabar gandun, Puan Norlia, ya roƙi izinin fitar da hanya ta gindin tsauni, wadda tsohuwa za ta iya bi. Ta saurare shi, ta ce ita ma ta daɗe tana son hanyar da masu iyali za su bi. "Katako zan riƙa samo maka kaɗan-kaɗan. Ma'aikata kuwa ba ni da su, Sebli. Kuma babban itace ko ɗaya kada ka sare."

Shi ya sa hanyar take karkacewa kamar maciji: duk inda ya tarar da babban itace sai ya zagaye shi. Yakan gama aikin da aka ɗauke shi dominsa, sannan ya shiga wannan, shi kaɗai, shekara da shekaru. Inda dole sai an sa matakala, yakan ari zanen Rapiah ya ɗaura shi tsam-tsam yadda tsofaffin mata ke yi, ya gwada hawa. In zanen ya tokare shi, matakalar ta yi tsawo, ya tone ya sake. Yakan goya buhun shinkafa ya yi ta tafiya, duk inda numfashinsa ya fara sarƙewa, nan ya kafa benci. Wata rana Bojeng ya hango shi daga cikin jirgi, da zane da goyo, ya yi dariya har ya kusa faɗawa ruwa. "Amarya! Yaushe aka haihu ba a gaya mana ba?"

Saura kaɗan ya kai gaɓa aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gefen tsauni ya zaftaro, ya tafi da babbar gada da dogon yanki na hanyar. Sebli ya je duba ɓarnar, wani gungume ya gangaro ya karya masa ƙafa. Bojeng ɗin nan dai shi ya ɗauke shi a jirgi zuwa asibiti, yana tuƙi yana zaginsa, hawaye na zuba.

Kowa ya ce magana ta ƙare. Rapiah ta ɓoye shebur a gidan maƙwabta. Amma ana cire masa ɗauri ya dogara sanda ya koma, ya zauna a cikin laka yana kwasar ƙasa da ɓawon kwakwa. Kwana biyu ana haka, sai ga Bojeng da ayarin masunta, kowa da fatanya.

Bojeng ya ce, "Kada ka washe mini baki. Ba don kai na zo ba, ubana ma yana can kwance. Matsa, gurgu, ka faɗa mana inda za mu tona."

Mata suka riƙa kawo abinci. A cikin kwanukan, wata rana, Rapiah ta gane na Mak Long. Ba saƙo, ba gaisuwa, sai kifi da yaji irin wanda Sebli yake so tun yana yaro.

Sallar da ta biyo baya duk ƙauye ya bi hanyar, Mak Long a gaba, tana takawa a hankali. Ba bencin da ba ta zauna a kai ba, kuma ba wanda ba ta samo masa aibi ba. "Wannan ya yi tsawo, ƙafata lilo take yi. Wa ya kafa shi, raƙumi?" Da ta ji ƙarar teku sai ta bar ƙorafi. Ta isa kabarin mijinta, ta cire ciyawa da hannunta, ta zuba ruwa, ta daɗe tana addu'a. Sebli yana tsaye can baya a gindin wata kwakwa. Ta waiwayo ta ce, "Sebli, zo ka gaida uwarka."

Ya zo ya durƙusa zai kama hannun Mak Long ya nemi gafara, yadda ƙarami ke yi wa babba ranar Sallah. Ta riga shi. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ce, "Bana ni ce zan roƙa. Ka yafe mini, ɗana." Na ga manyan masunta suna juya fuska wajen teku.

Yau hanyar ta kowa ce. Malaman makaranta na zuwa da ɗalibai, matasan iyaye na zuwa da masu tatata. Mai sayar da ruwan kwakwa a ƙofa ta ba ni labarin wata mata, Madam Tiong, da ta turo mijinta a keken guragu. Mutumin tsohon matuƙin jirgi ne, rabonsa da taɓa ruwan teku tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Da suka kai inda katako ya ƙare keken ya cije a rairayi. Pak Sebli ya ciro katako biyu daga baro, yana shimfiɗawa suna turawa, yana ɗauko na baya yana mayarwa gaba, har ruwa ya shafi ƙafar mutumin. Matar ta kira shi yadda ake kiran dattijo, ta ce, "Pak Cik, yaya sunanka?" Ya ce, "Ki kula da jakarki, ga biri can yana harinta."

Pak Sebli, kai ne ka sha gorin mutanenka ba ka rama ba, ka kuma yi musu abin da ba su roƙe ka ba. Kai ne ka auna hanya da ƙafar mafi rauni a cikinmu. Gwani mai sassauta tsauni! Mun san ƙafar nan ba ta daina ciwo ba, mun san in hadari ya haɗu ɗingishinka ƙaruwa yake yi, kuma mun ga yadda kake kallon ƙofar gandun tun da aka ce lokacin hutu ya yi. A allon da ke bakin hanya an rubuta sunayen tsuntsaye da na itatuwa, naka babu. To mu mun sani, 'ya'yanmu ma za mu gaya musu.

Mun gode, Pak Sebli. Mun gode, Mak Cik Rapiah, da kika yi haƙuri da miji mai dawowa kullum da laka har wuya. Allah ya ba ku lafiya, ya sa hutun nan ya zama mai daɗi, ya sauƙaƙa muku taku hanyar ranar da kowa ke neman sauƙi.

Ku kuwa masu karatu, ba sai kuna da tsauni ko teku ba. A kowace unguwa akwai wurin da tsofaffi suka daina zuwa ba tare da sun faɗa wa kowa ba: masallacin da matakalarsa ta yi musu tsawo, kasuwar da kwata ta raba su da ita, gidan 'yar'uwa da ke hayin kwazazzabo. Ba za su yi ƙorafi ba, za su ce dai yau jikin ne. Ku je ku tambaye su ina suke marmarin zuwa, sannan ku je ku duba abin da ya tare musu hanya.